Masu Dariya a Bazara, Masu Aike a Hunturu

Jama'ar gardama! Ku gyara zama, yau da ku nake. Na Agye masu ganina kullum, na Gazawa masu jin labarina a bakin ƴan kasuwa, da na gundumar Gidan Rumji da suka yanke mini hukunci tun daga nesa, duk na tara ku a tabarma guda. Laifina a wurinku sananne ne: ina saƙa da ulu, ina da keken ɗinki a ɗaka, ban buɗe shago ba, ban kafa allo a ƙofar gida ba, kuma ba ni da niyyar dainawa. Wasu sun ce ɓata lokaci ne, wasu sun ce ɓarnar kuɗi. Wani bawan Allah ma, cikin tausayi, cewa ya yi kaɗaici ne ya yi mini yawa. Kaɗaici, a gidan da ko allura ka ajiye sai yaro ya tambaye ka ta wace ce! Na gode da kulawa. Tun da dai a 2014 UNESCO ta sanya wasan taubasai na Nijar cikin gadon al'adun duniya, ba alƙalin da zai saurari ƙarar wanda na mayar wa martani. Wanda ya ji zafi ya dama fura ya sha.

Kafin a shiga shari'a, bari in zazzage muku kwandon, kowa ya ga kayan laifi da idonsa. Akwai hular jariri, fari da shuɗi, ta kammala. Safarta ƙafa ɗaya ta sauka daga tsinke, ɗayar tana hanya. Akwai rigar sanyi ta ɗan firamare, ruwan ƙasa, gaba da baya sun haɗu, hannun dama ya tsaya da kyau, na hagu sai a hankali. Akwai shawul na kwarashi da ke ƙaruwa da faɗin tafin hannu duk ranar da aka yi baƙuwa mai dogon labari. A kan keke kuma ga zanen gado na ƙyallaye, guntayen atamfofin ankon danginmu, har da na auren da ya riga ya mutu. Ga wandon makaranta yana jiran a warware masa kalmasa, don mai shi ya miƙe tsawo ba shawara. Ga labulen ƙofa an auna an yanka, saura a bi bakinsa. Wannan ita ce dukiyar da ta hana ku barci.

Kawu, kai ne babba, da kai zan fara. Kai ka leƙo a watan Afrilu, gumi na tsiyaya ta ƙarƙashin hularka, ka gan ni da dunƙulen ulu a cinya, ka kama baki ka ce: “Ƴar nan, lafiyarki kuwa? Rana na neman dafa mutum da ransa, ke kina saƙa abin da zai ƙarasa shi?” Ka kai labari majalisa, aka yi ta dariya har mai shayi ya ƙona yatsa. Gaskiyarka, Kawu: a Afrilu da Mayu zafi a jihar Maradi yana haura digiri 40, ba mai hankalin da zai kusanci ulu. Sai dai shekara wata goma sha biyu ce. In Disamba ta kama, iskar arewa maso gabas ta taso da ƙurarta tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, dare yakan sauko ƙasa da digiri 15. Mutumin Faransa zai ce wannan ai ba sanyi ba ne. To shi taga mai gilashi gare shi da na'urar ɗumama ɗaki. Mu a waje muke alwala, a waje muke girki, a waje yara ke karatun allo da asuba, ɗakin kwano kuma da rana ta faɗi ya saki ɗuminsa.

Wa na gani da asubahin Janairu ya naɗe kai da rawani, ya ɗora bargo a kan babbar riga, yana tambaya ko an ɗora ruwan zafi? Ba zan kama suna ba, girma ya hana. Amma ka fita bakin kwalta, babbar hanyar nan da ta taso daga Yamai ta bi ta Gidan Rumji da Tsibiri da Maradi da Agye da Gazawa ta nufi Tasawa da Damagaram, ka duba ƴan kabu-kabu da sassafe: mutum nawa ne kunnuwansa ke waje? Manomi ba ya jiran yunwa kafin ya cika rumbu. Kwandona rumbun hunturu ne, tun bazara ake zuba masa. Ku kuwa sai sanyi ya shiga ƙashi sannan ku turo yaro: “Wai in ji Baba, ko akwai sauran hular nan mai rufe kunne?” Masu dariya a bazara su ne masu aike a hunturu. Ɗan aiken ma na gane shi, shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa ranar nan.

A nan zan ɗan ajiye wasa, don akwai waɗanda sanyi ba ya yi musu da wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri sabon haihuwa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, in ya sauka ƙasa da haka an fara shiga haɗari. Jariri ba ya iya karkarwa ya ɗumama kansa yadda babba ke yi, fatarsa ba kauri, kansa kuma babba ne in an gwada da sauran jikinsa, ta nan ɗumi mai yawa ke tserewa. Shi ya sa ungozoma a asibiti ke cewa a tsane shi, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a rufe masa kai, a jinkirta wanka har awa 24. Dabarar goyon ƙirji da ake yi wa bakwaini, wadda likita Edgar Rey ya fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalaben renon jarirai, kayan aikinta ba yawa: ƙirjin uwa, zane, hula, safa. Biyu daga cikin huɗun nan daga kwando irin nawa suke fitowa. Sharaɗinsu kawai, hula kada ta matse, kada a sa mata igiyar da za ta zagaye wuya, kuma in rana ta buɗe a cire ta. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace kan haifi ƴaƴa fiye da bakwai a matsakaici, ku faɗa mini makon da ba a raɗa suna a unguwarku. Ban taɓa gama hular jariri ta rasa kan da za ta hau ba.

Alhaji, ranka ya daɗe, na ji naka ƙorafin, na kuma san inda ya samo asali, tun da kai ke kwance dilar gwanjo duk ranar kasuwa. Ka ce me zai sa mace ta kashe idonta makonni a kan rigar da za ta tsinta a tsibinka da kuɗin da bai kai na ulu ba. Lissafinka ba ƙarya. Rigar da aka sa a Turai ko Amurka aka gaji da ita, aka matse ta a dila, ta hau jirgin ruwa zuwa gaɓar Kwatano ko Lome, ta hau babbar mota ta iso Maradi, ta fi tawa araha, ta kuma rufa wa talakawa da yawa asiri. Ban raina ta ba, a gidana ma akwai ta. Amma Alhaji, a jikin wa aka auna ta? Yaron da aka yi ta dominsa yana can wata ƙasa ya tara gemu. Shi ya sa za ka ga ɗan garin Gangara cikin rigar da hannunta ya wuce yatsunsa, wuyanta ya zamo kafaɗa, a ƙirji kuma an rubuta abin da, da uban ya iya karantawa, da bai bari an shiga masallaci da ita ba.

Tawa kuwa na auna ƙirjin mai ita, na ƙara yatsa biyu saboda baɗi, na tsuke wuya saboda iska. In gwiwar hannu ta huje ina da ragowar zaren. In ya girme ta, sai in warware ta kaf, in jiƙa zaren ya miƙe, in mayar da shi hula da safa na ƙanensa. Saƙar masaƙi zare biyu ne masu gicciye juna, in an yanka an yanka ke nan. Saƙar tsinke kuwa zare ne mai bin kansa, ido cikin ido, shi ya sa in ka ja bakinta take biyo ka, shi ya sa kuma riga ɗaya ke iya yi wa yara uku hidima da siffa uku. Bari ma in tona kaina, Alhaji: ni ma abokiyar cinikinka ce. Rigar nan mai kyakkyawan zare da asu ya ci wa gefe, wadda ka jefa cikin tsibin araha kana murna ka rabu da ita, ni na aiko aka saya. Tana nan a dunƙule, hulunan jikokinka za ta zama.

Allah gafarta Malam, kai kuma ka ce aikin Nasara ne, kakanninmu ba su san shi ba. Na yarda kwarashi da tsinken saƙa ta hannun Turawa suka iso mana. Amma saƙar tsinke ba su suka fara ta ba. Tsofaffin safunan da aka tono, waɗanda ke ajiye yau a gidajen tarihi na Turai da Amurka, daga Misira suka fito, an saƙa su tsakanin ƙarni na 11 da na 14, zamanin daulolin Musulunci, da zaren auduga fari da wanda aka rina da baba, wasu har da adon da aka kwaikwayo daga rubutun Larabci. Auduga da baba fa, Malam. Wanne ne baƙo a ƙasar Hausa?

Batun kakanni kuwa, kada ka ja ni. Kakata ba ta san kwarashi ba, amma ta san gurzar auduga, ta san shiɓa, ta san mazari da alli da taskira. Zaren da ta kaɗa shi masaƙi ke ɗorawa ya fitar da sawaye da gwado. A Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, da ke kiran kansa Abdulkarim, ya bi ta Tasawa ya yada zango a Gazawa kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Da ya isa Kano ya shaida cewa babban arzikin birnin shi ne tufafin auduga da ake saƙawa a rina, ana kai su har Tambutu da Gat da Tarabulus. Zaren tufafin nan a hannun mata aka kaɗa shi, a tsakar gida, tsakanin daka da girki, ba wanda ya ce kaɗaici ne ya dame su. Yau ma gangara kwarin Gulbin Kaba ka ga mata da kaba a hammata, suna saƙa suna tafiya suna hira. Tabarmar da kake zaune a kai kana yi mini fatawa, wa ya saƙa ta? Zaren masana'anta ya kori mazari, hannun Bahaushiya kuwa bai saba zama banza ba, sai ya nemi abin riƙewa. Ku kuma ƴan Gazawa, kada ku ɗaga kafaɗa don na ce Bature ya kwana a garinku. Har 2011 a ƙarƙashin Agye kuke, jiya-jiya aka yaye ku.

Sai ɗan ƙanena, da ya zo hutu daga jami'ar Maradi. Ya ɗauki dunƙule, ya karanta takardar jikinsa, ya gyara murya ya ce: “Gwaggo, wannan fa ba gashin tunkiya ba ne, roba ce.” Sannu da ƙoƙari, ɗana, kuɗin makaranta bai tafi banza ba. Yawancin ulun kasuwarmu akirilik ne, daga man fetur ake sarrafa shi. Kamfanin DuPont na Amurka ya fito da irinsa kasuwa da sunan Orlon wajen 1950. Dalilinmu na amfani da shi a fili yake: tumakinmu gashi gare su. Balami da uda don layya da ƙasaita aka san su, ba wanda ke yi musu aski ya kaɗa. Tunkiya mai ulu a Nijar sai ka je bakin kogin Kwara wajen Tilaberi ka nemi irin da ake kira Kundum, ita ma ta yi ƙaranci. In kana da ragon da zai ba ni rigar sanyi, kawo shi in ba ka tukuici.

Akirilik yana da kirkinsa: ga araha, ga jure wanki, asu ba ya cin sa. Yana da mugun hali guda, wanda nake so kowace uwa ta riƙe: in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata. Lokacin ɗari kuma shi ne lokacin zagaye murhu da kaskon gawayi. Yaro mai rigar ulu a janye shi daga bakin wuta, jariri kuma a fara sa masa ta auduga kafin a ɗora ta ulu. In kuwa robar ce ta tsaya maka a rai, ɗana, ga ledoji can rataye a kan ƙaya tun daga bayan gari har bakin gona, duk da dokar hana su da Nijar ta kafa a 2014. A ƙauyen Njau na Gambiya wata mata, Isatou Ceesay, ta tara ƴan'uwanta tun 1997 suna wanke leda, suna yanka ta siri-siri, suna saƙa jakunkuna da kwarashi. Tsinto mini buhu ɗaya, wanke, in saƙa maka jakar takardunka. Ka ga karatu ya yi rana.

Ƴan fada, na zo kanku. Kuna zaune tun la'asar kuna jiran shayi na uku ya nuna, kuka ce saƙa aikin mata ne, namiji ba ya riƙe tsinke. To wa ke zama a masaƙa? Wa ya zauna wata da watanni yana fitar da aska takwas a ƙirjin babbar rigar da kuke ara ranar Sallah? Malamai nawa ne suka ci abinci da allura da zare, suna ɗinkin hula almajirai na biya karatu a gabansu? A tsibirin Taquile, cikin tafkin Titicaca na ƙasar Peru, saƙar tsinke aikin maza ce, tun suna yara ake koya musu, kuma a 2005 UNESCO ta karrama sana'ar tasu. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 duniya ta ga Tom Daley na Birtaniya, gwanin tsalle cikin ruwa, zaune cikin ƴan kallo yana saƙa, bayan ya ci zinariya, har ya saƙa wa lambar tasa ƴar jaka. Ku wace lamba kuka ci da za a saƙa wa jaka? Wani Bagobiri ya aiko mini daga Tsibiri, wai su jikokin Mayaƙi ne, wanda ya kafa garin a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, takobi suka gada ba tsinke ba. Na ji, ranka ya daɗe. Amma hular da na aika wa uwargidanka bara saboda yaro, a kan wa aka gan ta ranar kasuwa?

Malam tela, kai ba dariya kake ba, harara kake, tun ranar da ka ji ƙarar keke daga gidanmu. Kwantar da hankalinka in ba ka labarin ƴan'uwanka. A 1830 wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya ƙera keken ɗinki, aka buɗe masa wuri a Faris ana ɗinka kakin soja. Shekara na zagayowa teloli suka afka wa wurin suka farfasa kekunan, don tsoron kada abincinsu ya ƙare. Aka yi shekara ashirin, Isaac Singer ya fito da nasa a Amurka a 1851, ya bazu duniya. Yau an doshi shekara 200, keke bai kashe tela ba, sai ma ya haifi tela a kowane lungu. Nawa Butterfly ne na ƙafa, ƙirar Shanghai, ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Na san zuba masa mai, na san cika kwarkwaro, na san in ɗinki ya tattare ta ƙasa zaren sama ne ya yi sako-sako. Iyakata ke nan. Babbar riga da kaftani da ɗinkin amarya naka ne, ba na ja da kai. Abin da nake yi shi ne aikin da kake yamutsa wa fuska: faci, kalmasa, maɓallin da ya tsinke, majanyin da bakinsa ya zare. Da na kawo maka wandon nan, da ka ce in dawo jibi, jibinka kuwa kowa ya san ba ta cikin kalanda. Tambayi masu kwana a shagonka daren Sallah.

Zolayar da ta fi shiga jiki ba daga maza take zuwa ba. Yayata ce, ciki ɗaya, ta kalli kwandon ta ce: “Ƙanwata, in dai za ki kashe ido haka, mayar da shi sana'a mana. Ina ribar?” Yaya, zo mu yi lissafi. Hular jariri in na ɗora mata ido 64 na yi layi 40, ido 2,560 ke nan, kowane sai da yatsa ya bi ta kansa. Rigar babban mutum kuwa dubbai ne bisa dubbai. In na sa wa kowace awa kuɗinta, ko Alhaji ba zai taya ba. Masu yin abin don ciniki keken saƙa suke saya, su fitar da kayan jariri cikin yini, su kai kasuwa da gidajen suna. Asusu ya tsaya wa mata da yawa wajen samun irin wannan jari. A jihar nan tamu ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, mata na zuba kuɗi mako-mako suna ranta wa juna, har tsarin ya tsallaka ƙasashe da dama. Ina jinjina musu, Allah ya ƙara buɗi. Amma ni ba layinsu nake ba.

Ni sha'awa nake yi, Yaya, kuma sha'awa ba ta neman takardar izini. Tun 1975 da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a garin Tawa, Kantu na Maradi ya zama zakaran farko, mazan ƙasar nan ke manne kunne da rediyo kwana da kwanaki duk shekara. Wa ya taɓa tambayar su riba? Mai dara yana tona ramuka a ƙasa tun hantsi, mai karta yana buga tebur, mai Barcelona da mai Real Madrid sun daina gaisawa a kan ƙwallon da aka buga a Sifen, duk an ce hutawa suke. Mace kuwa in ta gama daka da girki da wanki da reno ta zauna, sai an bincika me zaman nata ya haifar. To nawa wasan ke nan. Ina ƙirga ido, damuwa ba ta samun wurin zama, kuma bakin da ke ƙirga ba ya samun sukunin gulma, wanda hakan ma rahama ce ga unguwa. Bambancin wasana da nasu guda ne: in an tashi daga nawa, ana samun safa.

Saura masu cewa ba na gama komai, wai kwandona makabartar ayyuka ne. Kowane aiki da sa'arsa. Shawul ba ya son tunani, shi ake ɗauka in ana hira. Hannun riga yana son lissafi, ana rage ido bayan kowane ƴan layuka don ya tsuke zuwa wuyan hannu, in aka yi maka sallama a tsakiya sai ka koma ƙirga daga farko, don haka sai gida ya yi tsit. Zare mai duhu sai da hasken rana. Keke ba a taka shi jariri na barci. Wadda ke da aiki ɗaya tak, rabin kwanakinta hannunta a banza yake.

Ga kuma halin ulu. Kowane rini da lambarsa a jikin takarda, kuma ruwan ƙasa na wannan rini ba ya zama ɗaya da ruwan ƙasa na wancan, ko da kamfani ɗaya ne. Kaya da yawa daga Kano suke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa. An rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan Yulin 2023 har Maris na 2024. Duk sa'ad da aka yi haka, abin da ke rumfar mai zare shi ke nan, wanda zai zo daga baya kuma da wuya ya dace da na hannunka. Mai hali takan sayi abin da zai ishe ta gaba ɗaya. Wadda aljihu bai yarda ba sai ta yi dabara: ta raba tsohon rini da sabo da ratsin wani launi, ido ba ya gane an sauya. Hannun hagun nan da ratsin ja zai fito, na dama ma zan warware bakinsa in sa masa, ku kuma ku zo kuna tambaya ko sabon yayi ne. Mai ginin da ya tsaya a linta shekara da shekaru, har tumfafiya ta tsiro a inda aka ce falo ne, shi zai yi mini gorin hannun riga?

To ga dokokin bana, kowa ya ji da kunnensa. Mai son hula a Disamba ya kawo ulunsa tun kaka, dunƙule biyu masu lamba ɗaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai jego da jaririnta ba sa cikin layi, ko da tsakar dare aka aiko za a duba kwando. Wanda ya yi dariya a bazara kuwa, kafin in ɗora masa ido ɗaya sai ya miƙa hannuwansa biyu na rataya masa zaren da na warware, ya riƙe har in gama dunƙulewa, a ƙofar gida, inda majalisa za ta gan shi da kyau. Kawu an ɗauke masa saboda girma, ya wakilta Alhaji. Wanda kuma har yanzu yake ganin abin ba komai ba ne, inda ba ƙasa nan ake gardamar kokowa. Ga tsinke, ga zare, Juma'a bayan la'asar zaurenmu a buɗe yake. Ya ɗora ido ashirin ya kai layi goma ba rami, ni da kaina zan dafa shayi in aika masa har fada, da sukari a gefe. In ya kasa, ya sayo mini dunƙule biyu ja, hannun riga na jira.